Sanƙon Jethro

Ƙanena Jethro bai taɓa shafa wa mota komai ba sai ya tambaye ta tukuna. Haka yake faɗa da bakinsa, mutane su yi dariya, ni ma ina cikin masu dariyar. Wannan tambayar ce ta sa aka kira shi infoma a tashar Birnin Gwari, kuma duk wanda ya zauna a ƙasarmu a shekarun da hanya ta lalace ya san abin da kalmar nan take ci. Ta wuce zagi. Da ita ake ɗaukar mutum a yi bayan gari da shi, a dawo babu shi. Ni ce Magdalena, yayarsa, mai tuwo a bakin tasha, wadda ake kira Maman Praise. A gabana aka yi komai, kuma har yau in na tuna sai haushi ya taso mini.

A Saminaka, wani ƙauye kusa da Birnin Gwari, aka haife mu. Baba daga kudancin Kaduna ya taso neman ƙasar noma, ya samu, ya kafa gida. A cikinmu Jethro ne kaɗai gona ta ƙi. A ba shi fartanya, sai ka same shi a gindin bishiya yana goge bakinta da dutse har tana ɗaukar ido, ciyawar da aka ce ya nome kuwa tana nan tsaye tana kallonsa. Keken Baba ya fi na kowa sheƙi a unguwa, don da toka da lemun tsami Jethro yake bin wayoyin ƙafarsa ɗaya bayan ɗaya. Mama takan ce ko kwanon kaji ya gani sai ya wanke. Da Baba ya gaji da faɗa, sai ya ɗauke shi ya kai shi Kaduna wurin wani mai fentin mota, ɗan ƙauyensu.

A can ma bai bi hanyar kowa ba. Sauran masu koyo rububin fesa fenti suke yi, shi kuwa abin da ke biyo bayan fesawa ne ya shiga ransa: gogewa, fitar da sheƙi, tayar da fentin da ya mutu. Ya daɗe a Kaduna. Da ya dawo, ya dawo da mata, Dinah, da wani akwatin ƙarfe mai nauyin tsiya. Lokacin ni na riga na kafa rumfata a tasha, sai ya zauna a gindin darbejiyar da ke bayana. In ina tuƙi ina jin maganarsa, in yana aiki yana jin ƙamshin miyata.

Akwatin nan in ya buɗe shi sai ka ce mai maganin gargajiya ne ya baje koli. Dole na haddace karatun, don kullum sai ya maimaita wa wani. Akwai mai kaushi, wanda suke kira kamfawun, na fentin da rana ta kashe da wanda ƙayar daji ta karce. Akwai folish mai laushi, na fitar da sheƙi. Sannan akwai kaki, wanda ba ya gyara komai, rufewa kawai yake yi kada rana da kashin tsuntsu da ƙaron bishiya su ci fentin. Ya ce yawancin ɓarnar da ake wa mota daga rashin sanin wanda za a ɗauka ne. Wani ya sa mai kaushi inda mai laushi ya isa, ya cinye fentin har farin da ke ƙarƙashinsa ya leƙo. Wani ya shafa kaki a kan datti, ya adana dattin da kyau. Sabon gwangwani kuma bai yarda da hoton da ke jikinsa ba. Sai ya buɗe, ya shinshina, ya murza tsakanin yatsu biyu. In ya ji yashi-yashi, jabu ne, zai mayar wa mai shago ko da za su ɓata.

Tsakaninsa da masu wankin mota na bakin rafi kuwa faɗa ne ba ya ƙarewa. Su garin sabulun wanki suke ambaya wa mota, su bi da kananzir, wani har baƙin mai yake shafawa a bodi don ta yi ƙyallin yini guda. Washegari jar ƙasa ta manne mata kamar an barbaɗa wa tsire yaji. In irin motar nan ta zo wurin Jethro, sai ya zagaye ta yana girgiza kai yana yi mata sannu, mai ita yana tsaye ba a ko kalle shi ba.

To, ga tambayar da na faɗa. Kafin ya zaɓi abin da zai sa wa mota, sai ya tsuguna a bayanta, ƙasan fitilar hagu, ya wanke wuri kamar faɗin tafin hannu. Ya fara da mafi laushi, ya goga, ya duba tsumman. In kalar motar ta fito a tsumma, tsohon fenti ne, a bi shi a hankali. In ba ta fito ba, akwai rufi a samansa, wannan kuma da nasa maganin. In mai laushi bai tayar da shi ba, sai ya matsa zuwa mai kaushi. Kafin ya miƙe, wurin nan ya zama kamar madubi a jikin motar da ta koɗe. Gwajin kyauta ne, direbobinmu kuwa in ka ce kyauta ko allura ce za su miƙo hannu. Su zo, a gwada, su leƙa fuskarsu a wurin, su ce “kai, aiki ya yi, bari in sauke lodi in dawo.” Ba sa dawowa. Haka motoci suka cika tasha kowace da ɗan da'irarta mai ƙyalli a gindi. Wani ɗan kamasho ya ce kamar kan tsoho, suna ya bi: sanƙon Jethro.

Na yi masa magana ba sau ɗaya ba.

“Jethro, ka daina yi wa mutanen nan gwaji. Kallo kawai suke zuwa.”

“Yaya, in ban gwada ba ta ina zan san abin da take so? Ga motoci biyu kala ɗaya, wannan fentin kamfani, waccan a gareji aka sake fesa ta. Abin da ya gyara wannan shi zai ƙone waccan.”

“To in ka gwada suka gudu fa?”

“Motar dai ta ba ni amsa.”

Irin mutumin ke nan. Ba ya shan komai, ba ya zaman majalisa, ranar Lahadi yana bencin baya a coci yana gyangyaɗi don gajiya. Ko hanyar daji bai sani ba, tun da ya dawo bai taɓa wuce gonar Baba ba.

Sai hanya ta lalace. Ba sai na faɗa wa ɗan ƙasar nan yadda aka yi ba. Gonar Saminaka muka bar ta, ƙauyuka suka kwararo cikin gari, zuwa Kaduna ya zama sai an taru an jira rakiyar sojoji. Mota mai sheƙi ta zama abin tsoro, don ana cewa ita 'yan bindiga suke fara nema. Manyan mutane suka ɓoye motocinsu suka koma shiga akwala. Aikin Jethro ya ja baya ƙwarai. Har akwai waɗanda suka zo suka ce ya dusashe musu fenti don kada mota ta ja ido. Ya ce su je bakin rafi, can ake wannan aikin, shi ba ya kashe fenti. Sai ya koma wanke gilasan fitilu da goge tankunan babura, yana lallaɓa gidansa da abin da ya samu.

Ana cikin haka aka tare Sadisu. Direba ne mai fara'a, mai yawan santin miyar kuka, kowa nasa ne. Aka shiga daji da shi da fasinjojinsa. Da aka janyo motar aka kawo ta tasha, gilasai a farfashe, mutane suka kewaye ta ana salati. Nan wani, har yau ban san ko wane ne ba, ya nuna ƙasan fitilar hagu ya ce, “Ku duba.” Sai wani ya tuna cewa motar da aka ƙone kwanakin baya ita ma tana da sanƙo. Wani ya ce ai ta wancan makon ma haka. Kafin la'asar maganar cewa alama ce Jethro yake sa wa 'yan bindiga ta gama tasha, ta shiga kasuwa. Kalmar da muke dariya da ita jiya, yau ana faɗarta ƙasa-ƙasa ana waige.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne babu wanda ya tambayi motocin da aka tare marasa sanƙo, ga su nan da yawa. Babu wanda ya tambayi masu sanƙon da suke zuwa Kaduna suna dawowa lafiya kullum. Mutane sun gaji da binne 'yan'uwansu, sun gaji da maƙiyin da ba sa iya kamawa, suna son wanda hannunsu zai kai. Na san wannan, ni ma na binne nawa. Amma sanin bai rage mini fushi ko kaɗan ba, don wanda hannun nasu ya kai ƙanena ne, mutumin da ko kaza Dinah ce take yanka masa.

Da hantsi aka kira shi. Alhaji Mainasara, ciyaman ɗin direbobi, yana zaune a benci a tsakiyar tasha, 'yan sa-kai suna tsaye a bayansa da bindigoginsu. Aka sa Jethro ya ɗauko akwatinsa ya buɗe. Wani ya riƙa ɗaga gwangwanayen yana jujjuyawa kamar zai ga sunan ɗan bindiga a ƙasansu.

“Jethro,” in ji Ciyaman, “mu da kai ba mu taɓa faɗa ba. Tambaya ce kawai. Me ya sa kullum wuri ɗaya kake sawa? Me ya sa ƙasan fitilar hagu?”

“Ranka ya daɗe, nan ne ido ba ya zuwa. In maganin bai karɓi fentin ba, ɓarnar ba ta fito fili ba.”

Ciyaman ya juya ya kalli jama'a a hankali.

“Kun ji da kunnenku. Inda idonmu ba ya zuwa. To idon wa yake zuwa?”

Tasha ta ɗauki guna-guni. Jethro ya sake farawa, yana bayanin tsumma da tsohon fenti da sabo, babu mai saurare. Ni kuwa ban san lokacin da na ratsa maza na shiga tsakiya ba, zanina duk garin tuwo.

“Ciyaman, ka tashi ka duba bayan motarka! Bara a nan gindin darbejiya ka tsaya aka yi maka gwaji, ka ce za ka dawo. Tun daga lokacin sau nawa ka je Kaduna? Wa ya taɓa ka?”

Ko gezau bai yi ba.

“Maman Praise, ai shi ya sa nake magana. Har ni an sa wa. Allah ne kawai yake tsare ni.”

Wallahi da muciya tana hannuna ranar da an yi abin kunya.

Hukuncin da suka yanke wai sassauci ne: ya goge duk alamomin da ya sa, yau, a gaban kowa, sannan a ci gaba da sa masa ido. Jethro ya ce sheƙi ba ya goguwa, sai dai a ƙarasa. Ya roƙe su su bar shi ya goge kowace mota gaba ɗaya, ba ya son komai, in duk jikin ya yi ƙyalli sanƙon ya ɓace. Suka ce wato so yake ya haska su duka don a hango su daga nesa. Wani ya je shago ya kawo samfefa mai kaushi, irin ta kafintoci, ya jefa masa a gaba.

Aka jera motoci. Ƙanena ya durƙusa a bayan kowace, cikin rana, yana kankare wurin da ya tayar da hannunsa. Ƙarar samfefar nan a kan fenti har cikin haƙorana nake jin ta. Bai yi kuka ba, bai ɗaga kai ba. Dinah ce take kuka a rumfata, ta rufe fuska da gyale. Masu motocin suna tsaye a kansa, mutanen da ya wanke wa fitilu, mutanen da suka ci tuwona shekara da shekaru, wani har yana cewa “ƙara nan, bai fita ba.” Ranar ban sayar wa kowa ko loma ba. Tukunyar gaba ɗaya na juye wa awakin tasha.

Mutum ɗaya ne ya ƙi. Yero, Bafulatani, wanda aka haifa a wata ruga kusa da Randagi. Mutanen dajin nan su suka kore shanun babansa, ya sayar da 'yan ragowar ya sayi tsohuwar Golf ja yana jigila. Abokin Jethro ne na gaske, ni kuma Adda yake kirana. Da layi ya zo kan motarsa, sai ya tsaya a bayanta ya harɗe hannu.

“Tawa ba za a kankare ba. Jethro, ajiye wannan abin. Ɗauko folish ɗinka. Ka yi mini wani sanƙon a dama, ka yi babba a kan bonet, wanda makaho ma zai gani. Gobe ni ne a gaba in an tashi. In alama ce, ni za a fara ɗauka, kowa ya huta.”

Jethro ya ce a'a, ba zai sa ran wani a kan aikinsa ba. Yero ya ce ransa ne ba na Jethro ba. Haka ya tsare shi har ya yi. Washegari babu fasinjan da ya yarda ya shiga motar, sai buhunan masara ya loda. Na ga fitarsa, jar mota da tabo uku masu ƙyalli, tana bin motar sojoji. Na yini ina addu'a, ina ƙona miya, ina zagin duk wanda ya tambaye ni gishiri.

Ya je lafiya, ya dawo lafiya. Da ayarin ya shigo gari yana danna ham tun daga kwana, na fito na rangaɗa guɗa a tsakiyar tasha. Na ɗauka magana ta ƙare. Yero ya fito yana dariya, ya bubbuga bonet ɗin ya ce, “To, ga ta nan.” Sai wani ɗan kamasho da ke zaune a kan taya ya tofar da ɓawon rake ya ce:

“To da wa zai taɓa shi? Ai nasu ne.”

Babu wanda ya ce masa ya yi shiru. Na ga kawuna suna gyaɗawa. Nan na gane irin ramin da muke ciki. Da an ɗauke Yero, sai su ce alama ta yi aiki. Da ya dawo, sun ce shi da Jethro da mutanen daji bakinsu ɗaya. Mutumin da aka raba da shanun ubansa, ya sa wuyansa don ya wanke abokinsa, ya dawo ya tarar an haɗa shi a cikin wankin. Dariyar ta bushe a fuskarsa. Ya kalle ni ya ce, “Adda, na ƙara ɓata masa.” Na ce ba shi ya ɓata ba, kuma har gobe haka nake cewa.

Ba a daɗe ba wani daga cikin 'yan sa-kai, wanda yake cin abinci a wurina tun yana saurayi, ya zo da rana kamar mai sayen tuwo. Yana wanke hannu ya ce mini ƙasa-ƙasa sunayen mutum biyu suna yawo a bakin manyansu, kuma in aka sake tare wata mota, ba za a sake kiran taro ba. Na je wurin fasto, na je wurin mai unguwa. Kowanne ya tausaya, kowanne ya ce gara su ɗan ba da wuri har ƙura ta lafa. Wato mai gaskiya shi zai tashi, masu ƙarya su zauna a inuwa.

Da ayarin safe suka tafi, a motar Yero, don babu wani direban da zai ɗauke su. Dinah da yara a baya, akwatin ƙarfe a but. Jethro ya riƙe hannuna ta taga ya ce, “Yaya, ki riƙa faɗa musu ba ni ba ne.” Na ce zan faɗa. Na kuwa faɗa, ga duk wanda ya zauna a bencina, har wasu suka daina zuwa cin tuwon.

Bayan tafiyarsu an ci gaba da tare motoci, masu tabon samfefa da marasa shi. Babu wanda ya ce uffan. Da damina ta yi nisa aka sako Sadisu, bayan danginsa sun sayar da duk abin da suka mallaka. Matarsa Saliha ta kawo shi rumfata wata rana, ya rame ya zama kamar ba shi ba, ƙafafu a kumbure. Na zuba masa miyar kuka, na bar shi ya ci, sannan na tambaye shi.

“Maman Praise, wace alama? Itace suka gicciye a hanya, duk wanda ya iso suka kwashe. Ko fuskata ba su kalla ba, balle bayan mota.”

Na ce ya tashi. Na kama hannunsa har gaban Ciyaman, ya maimaita maganar kalma bayan kalma. Ciyaman ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Sannu, Sadisu. Ka sha wahala, kanka bai gama dawowa ba. Je ka huta.” Shi ke nan. Mutumin da ya kwana a dajin bai san abin da ya faru ba, wanda ke zaune a benci shi ya sani.

Jethro kuwa yana Kaduna, yana wanki a wurin wankin motar wani, ɗaki ɗaya shi da iyalinsa. Yero ya sayar da Golf ɗin ya koma tuƙa keke mai ƙafa uku. In mun yi waya Jethro ba ya ƙorafi. Sai dai ya tambayi kowa da kowa, har waɗanda suka tsaya a kansa ranar samfefa. Ya ce yara kullum suna tambayar yaushe za a koma gida, shi kuma yana ce musu sai hanya ta gyaru.

Hanya kuwa ta zo ta yi sauƙi. Aka yi maganar sulhu, kasuwa ta farfaɗo, manyan motoci suka dawo ɗaukar shanu da hatsi, masu hali suka fito da motocin da suka ɓoye. Alhaji Mainasara ya sayo wata baƙar mota mai tsada. Ya ba masu bakin rafi, suka bi ta da abin da suka ga dama, ta fito da zobe-zobe ko'ina kamar an share ta da tsintsiya. Ya kai wa wannan, ya kai wa wancan, kowa yana ƙara ɓatawa. Sai ya aika wani direba Kaduna ya nemo Jethro ya ce masa Ciyaman yana gaisuwa, ya ce ya dawo gida, komai ya wuce.

Jethro ya kira ni muryarsa kamar ta yaro ranar Kirsimeti. Ya ce har sun ɗaure kaya, Dinah ta yi sallama da maƙwabta, yara sun kasa zama wuri ɗaya.

“Abu ɗaya kawai, Yaya. Ki ce masa ya faɗa a tasha, inda aka tara ni. Ba dogon jawabi ba. Ya ce ba ni ba ne. Ba don ni ba, saboda yaran nan. Ba na son a nuna su a makaranta a ce ga 'ya'yan infoma.”

Na ce wannan ai ba wani abu ba ne, ya bar mini.

Da azahar Ciyaman ya zo rumfata da kansa, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya zauna, na zuba masa tuwo, ya wanke hannu. Na faɗa masa saƙon Jethro yadda aka ba ni, ban ƙara ba, ban ɗaga murya ba. Tasha cike take, bencin nan nasa yana nan inda yake, daga rumfata ana hango shi.

Ya yi dariya yana gutsurar loma.

“Haba Maman Praise, sai ka ce kotu? Wa ya taɓa cewa shi ne? Mu bincike muka yi, lokacin kowa a tsorace yake. In na tashi yanzu na tono wannan maganar, sai wasu su ga kamar su nake nufi. Ya zo kawai ya kama aikinsa, ba wanda zai ce masa komai. Ni ma ai ga shi ina nemansa.”

“Motarka ce take nemansa, Alhaji. Kalma huɗu ce. Ba shi ba ne. Ka tashi ka faɗa, ga mutane nan.”

“Ke dai kin cika riƙo. Ƙaro mini miya.”

Na miƙa hannu na ɗauke kwanon daga gabansa, lomar tana hannunsa. Na ce ya tashi mini daga benci. Ya tashi yana cewa Allah ya shirye ni, mutane suna kallo, babu wanda ya ce komai, kamar dai yadda suka saba.

Na koma bayan rumfa na kira Jethro. Bugu ɗaya ya ɗauka, ina jin hayaniyar yara a bayansa.

“Yaya, ya faɗa?”

“Bai faɗa ba.”

Na fara zagin Ciyaman, na ce zan sake komawa, zan je wurin mai unguwa, zan tara mata. Ya bar ni na gama.

“To, Yaya. Ki gaida gida.”

Bai kashe wayar da wuri ba. Na ji ya ajiye ta, na ji ƙaramar 'yarsa tana tambaya ko gobe ne tafiyar. Sannan na ji muryarsa, a hankali, yana cewa, “Dinah, kwance kayan.”